Zomaye da fulawar tsakar gida: wacce ke kisa, kuma me za a yi wa wanda ya daina ci

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Daga Katsina nake. Ɗana yana kiwon zomaye shida a bayan gida, da la'asar mukan sake su su sha iska a tsakar gida. Tun da zafin nan ya shigo suka koma cin fulawar da na shuka a jikin katanga. Akwai wata doguwa mai siririn ganye da fure ruwan hoda, akwai kariya a tukunya, akwai bogenbiliya, sai wata mai ƙananan furanni ja da rawaya a dunƙule. Shekaranjiya muka wayi gari ɗaya ta mutu, alhali lafiya lau aka rufe su. Wani kuma tun jiya bai ci komai ba, ya takure a lungu. Maƙwabciyata ta ce zomo ya san abin da zai cutar da shi, ba fulawar ba ce, in dai ɗura mashi manja. Ina gaskiyar take?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya mayar wa yaron da alheri, ya tsare sauran.

Abu biyu ba za su jira ki gama karanta wannan amsa ba. A mayar da sauran zomayen keji, kada a ƙara sakinsu a tsakar gidan nan tukuna. Wanda ya takure kuma a kai shi asibitin dabbobi yau ɗin nan, a tafi da ɗan reshen kowace fulawa a cikin leda, ganye da fure, don likita ya gani da idonsa. Zomon da ya yi awa 12 bai ci ba, bai kuma yi kashi ba, yana cikin haɗari ko da bai taɓa wata guba ba. Naki ya riga ya wuce haka.

A cikin shuke-shuke huɗun da kika lissafa, uku guba ne. Bogenbiliya kaɗai zan wanke. Ƙaya gare ta, tana iya soke baki ko ido, amma ba a san ta da kisa ba.

Doguwar nan ita nake zargi da wadda ta mutu. Ki je ki duba ta da kyau. In ganyen na da kauri da tauri, mai tsini a baki, da jijiya guda fara-fara a tsakiya, kuma yana fitowa uku-uku a gaɓa ɗaya, to oliyanda ce. Takan yi fure ruwan hoda, ko fari, ko ja. Daga saiwarta har furenta babu inda ba dafi, kuma dafin zuciya yake kamawa. Dangin digoksin ne, maganin nan da ake ba masu ciwon zuciya a asibiti da awo ƙanƙani ƙwarai, don in aka ɗan zarce ya zama ajali. Abin da yake yi shi ne ya toshe hanyar da tsokar zuciya ke daidaita gishirin sodiyam da fotasiyam a cikinta, sai bugun ya rikice: ya yi sanyi, ya yi sauri, ya tsallake, daga nan ya tsaya. A shanu da dawaki, ganyen da bai cika tafin hannu ba ya isa ya kayar da babbar dabba. Zomon gida kuwa kilo 2 ne, in ya ƙoshi ya kai 3. Ki auna da kanki.

Shi ya sa labarinki ya yi daidai da ita. Zomanya ta ɗan gatsi ganye da la'asar, aka rufe ta tana tsalle, cikin dare ta fara dalalar da yawu, wataƙila da ɗan zawo, jiki ya mutu, kafin asuba ta cika. Babu wanda ke wurin da zai ga alamun. Kuma ba sai ta kai bakinta ga bishiyar ba. Bushewa ba ta kashe dafin oliyanda, ɗacin ne kawai ke raguwa, don haka busasshen ganyen da ya zubo ƙasa ya fi ɗanye saurin shiga bakin dabba. Wanda aka share aka tara a lungu, da reshen da aka datse aka yar, da ganyen da iska ta jefa cikin kwanon ruwansu ya jiƙa, duk hanya ce. Tana da 'yar'uwa da ake yawan shukawa a makarantu da bakin ofisoshi, mai ganye siriri sosai mai sheƙi da fure rawaya kamar ƙararrawa, mai farin ruwa in an karya. Dafinsu iri ɗaya ne, ita kuma ya fi taruwa a ƙwallonta.

Kariya ma gidansu ɗaya. Kyan furenta a tsakiyar rani, lokacin da ko ganye babu a jikinta, shi ke sa a manta cewa da ruwanta mafarauta a sassan Afirka suke haɗa dafin kibiya, masunta kuma su zuba a ruwa kifi ya taso. Matsalarta ga zomo ita ce kumburarren gindin nan nata, wanda a tukunya yake daidai bakinsa. Haƙoran zomo ba su daina tsiro, na gaba suna ƙaruwa da kusan milimita 2 kowane mako, dole ya samu abin gurgura. Ki duba gindin kariyar, in kin ga sawun haƙori biyu-biyu a jere, kin samu shaida.

Ta ukun, mai ƙananan furanni a dunƙule masu sauya launi daga rawaya zuwa ja, da ganye mai kaushi da wari in an murza, da 'ya'ya ƙanana kore da ke komawa baƙi, lantana ce. Ita ba ta kisan dare ɗaya. Hanta take lalatawa a hankali, sai bayan kwana ɗaya zuwa uku dabba ta daina ci, kashi ya ɗauke, farin ido da dasashi su yi rawaya irin na shawara, fata kuma ta daina jure rana. A fararen zomaye kunne da hanci ke fara ja da kumburi. Mai yiwuwa ita ce ta kama na biyun, mai yiwuwa kuma ɗan abin da ya taɓa na oliyanda ne bai kai na kisa ba. Ki ɗaga leɓensa ki duba launin dasashin, ki faɗa wa likita abin da kika gani, kuma a ajiye shi a inuwa.

Ba rashin sa'a ba ne ya tara maki masu guba uku a katanga ɗaya. Duk wanda ya taɓa shuka abu a ƙofar gida a garin nan ya san abokan gabansa biyu ne, rana da akuya. Daga Oktoba zuwa Mayu kusan babu ruwan sama, a Afrilu zafi ya haura digiri 40, awaki kuma suna yawo daga Ƙofar Ƙaura har Ƙofar Sauri ba mai tsare su. Fulawar da ta jure wannan, ta ci gaba da fure, ba ta ƙare a cikin akuya ba, ita ce masu sayar da fulawa a bakin titi suke yawan rainowa, don ita ce mai saye ba zai dawo ya yi ƙorafi a kanta ba. To me ya hana akuya cin ta? Ɗaci da dafi. Don haka duk shukar da aka yabe ta da cewa “ko akuya ba ta ci”, mai zomo ya ɗauke ta a matsayin abar tuhuma har sai an wanke ta.

Maganar maƙwabciyarki tana da tushe, amma ba a kan zomon keji ba. Zomon dajin da mafarauta suka sani, wanda ake haifa da gashinsa da idonsa a buɗe, wata dabba ce daban. Na gida asalinsa Sifaniya da Fotugal, ana haifarsa tsirara, ido a rufe sai wajen kwana 10. Ko a can inda yake rayuwa a daji, ba da sanin kowace ciyawa ake haifarsa ba. Yana koyo daga abin da uwarsa ke ci, ta hanyar nononta da kashinta, sannan yana ɗanɗana sabon abu kaɗan-kaɗan, in ya ɓata mashi ciki ya guje shi, ga kuma ciyawa iri-iri da zai zaɓa. Zomon da ya tashi a keji kan dusa, uwarsa ma dusa ta ci, me ya koya? An sake shi a watan da babu kore ko ɗaya a gidan sai abin da kike ba ruwa. Dabarar ɗanɗanawa kuma tana aiki ne ga shukar da ke sa ciwon ciki. Ga oliyanda, ɗanɗanon farko na iya zama na ƙarshe.

Sai batun manja, wanda shi ne na fi so ki ji da kyau, don abin da ake yi wa zomo bayan ya ci guba yakan ƙarasa shi kafin gubar. Zomo ba ya amai, halittarsa ce haka, ƙofar cikinsa ba ta buɗewa ta baya. Duk wani ruwan gishiri ko kanwa da za a ɗura don ya amayar, wahala ce kawai aka ƙara mashi. Manja ba ya karya dafin zuciya, ba ya gyara hanta, kuma hanjin zomo ba a yi shi don mai ba. Madara ma haka, babban zomo ba ya narkar da ita, zawo za ta sa shi. Ga haɗarin ɗurar kanta: dabbar da jikinta ya mutu ba ta haɗiya da kyau, mai ya bi hanyar iska ya sauka a huhu, shi ke nan. Abu na uku da na fi tsoro shi ne kafso. An saba a gidaje in kaza ko akuya ta yi laushi a fasa mata ja-da-baƙi ko ja-da-rawaya a ruwa. Ampisilin da amoksisilin da duk dangin fenisilin da ake sha ta baki, haka linkomaisin da kilindamaisin, suna kashe ƙwayoyin halitta masu amfani da ke cikin babban hanjin zomo, waɗanda su ke narkar mashi da ciyawa. In suka mutu, miyagun su yi yawa, su saki nasu dafin, zomo ya mutu da zawo bayan 'yan kwanaki. Kada a ba shi ko ɗaya.

Abin da ke da amfani shi ne gawayin magani da ake sayarwa a kemis, wanda aka sarrafa don ya tsotse guba a hanji. Ba gawayin girki ba, wannan ba ya yin aikin. Ana dama giram 1 zuwa 2 ga kowane kilo na nauyin dabba a ɗan ruwa, a ba shi da sirinji marar allura ta gefen baki, inda akwai gurbi tsakanin haƙoran gaba da turame, kaɗan-kaɗan yana haɗiyewa, yana tsaye a kan ƙafafunsa, ba a kwantar da shi rigingine ba. Amfaninsa ya fi yawa a sa'o'in farko bayan cin gubar, kuma ba a ba wanda ba ya iya ɗaga kai. Ga naki da ya kwana, abin da ya fi buƙata yana hannun likita: ruwa ta ƙarƙashin fata, maganin ciwo, sauraren zuciya, da abinci mai laushi ta sirinji don hanji ya motsa. Cikin zomo in ya tsaya, iska ta taru, ciwo ya hana shi ci, rashin cin ya ƙara tsayar da cikin. Wannan zagayen shi ake ƙoƙarin katsewa. Maganin da ke karya dafin oliyanda kai tsaye akwai shi a duniya, amma tsadarsa ta sa ba a zancensa a kan zomo. A hanya a sa shi a kwali mai huji, a shimfiɗa tsumma, kada a bar shi a but ɗin mota ko a rana. In kika ga yana numfashi da baki a buɗe, abin ya yi nisa, don zomo ta hanci kaɗai yake numfashi.

Duk da zargin da nake yi wa oliyanda, akwai tambayoyin da likita zai yi maki, gara ki shirya amsarsu. An yi wa fulawar feshi kwanan nan? Fiya-fiya da sauran magungunan ƙwari da ake fesawa suna mayar da ko bogenbiliya guba, alamunsu kuma yawu mai yawa, karkarwa, da ƙwayar ido ta ƙanƙance. An zuba shinkafar ɓera a wani lungu ko a sito? Kejin yana ƙarƙashin kwano ne rana na dukansa? Zomo ba ya gumi, ta kunne yake fitar da zafi, daga digiri 30 ya fara wahala, a zafin bazarar Katsina kuwa kwano kaɗai ya isa ya kashe shi da rana tsaka. Sannan an shigo da sabon zomo daga kasuwa a makonnin nan? Akwai cutar zubar jini ta zomaye, wadda aka tabbatar da ɓullarta a Najeriya a 2020. Tana kisa cikin kwana ɗaya ko biyu, wani lokaci da kumfar jini a hanci, tana bin keji da hannu da kwanon abinci da ƙuda. Ba ta kama mutum, amma tana iya share garke. In wani ya sake mutuwa bayan an raba su da fulawa, ita za a fara tunani. A sa gawar a leda da ƙanƙara a kai asibiti a ranar. In an buɗe ciki akan ga guntayen ganyen da ya ci, in kuma ana buƙatar gwaji mai zurfi akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom.

Na san abin da ake yi in dabba ta fara shure-shure: a yi maza a kawo wuƙa kada ta zama mushe. Yanka yana halatta nama, amma ba ya fitar da dafi daga cikinsa, wuta ma ba ta kashe dafin oliyanda da kariya. Zomon da ake zargin ya ci guba, ko an samu yanka shi, a haƙa rami mai zurfi a binne. Kada a jefa wa kare ko kyanwa.

Akwai wata ƙofa da ba ki ambata ba, ita ce ciyawar da yaron ke yankowa. A rani yara sukan bi kango da bakin kwalbati da bola su tsinko duk abin da suka gani kore, kuma abin da ke kore a irin wuraren nan a wannan lokaci sananne ne. Tumfafiya, wadda nononta ke ɗauke da dafin zuciya irin na kariya, yana kuma ƙona ido. Zurman, da wasu ke kira cika-gida, wanda ƙwayarsa kaɗan ta isa zomo. Bini-da-zugu da aguwa da ake shinge da su. Sai zaƙami. Shi zaƙami akwai abin mamaki a kansa: wani kaso na zomaye suna da wani sinadari a jininsu da ke rusa dafinsa, su ci su tashi lafiya. Irin wannan ne ke sa mutum ya rantse ya ga zomo na cin abu kaza bai mutu ba. Gaskiya ya faɗa, sai dai ba kowane zomo ba ne, kuma ba a gane mai shi da ido. Daga kicin kuma a hana su albasa da tafarnuwa, da ganyen tumatir da na dankalin Turawa, da fiya, ganyenta da 'ya'yanta. Ɗanyen ganyen rogo da gyauron dawa, makiyaya sun riga sun san su. A koya wa yaron ƙa'ida ɗaya mai sauƙin riƙewa: duk abin da aka karya ya fitar da farin ruwa, da duk abin da bai san sunansa ba, kada ya shiga keji. Ƙa'idar za ta hana shi wasu ganyaye masu kyau, amma asarar kaɗan ce. Haka in mai aski fulawa ya zo unguwa yana rabar da abin da ya datse, a bar mashi kayansa, banza ba ta kai zomo kasuwa.

Gyaran na gaskiya a kwanon abinci yake. Zomon da ya koma cin fulawa da shigowar zafi yana faɗa maki ne cewa dusa ba ta ishe shi ba. Kaso mafi yawa na abincinsa, wajen kashi 80 cikin 100, ya kamata ya zama ciyawa da harawa, dusa ta zama ƙari. Mu kuwa a nan ba mu rasa su ba: harawar wake, harawar gyaɗa, kowar wake, busasshiyar kyasuwa da harkiya da gadagi da ake sayar wa masu dawaki da tumaki. A rataye damin a cikin keji yadda ba za su taka ba, kada ya yanke dare da rana, a duba kada ya zama mai fumfuna. Na kore kuma, ganyen zogale, ganyen dankalin Hausa, yakuwa, rama, ganyen karas da latas da masu lambu ke kawowa daga wajen Ajiwa da Jibiya. A wanke saboda feshi, a bar shi ya sha iska a inuwa, kuma duk sabon ganye a fara da kaɗan na 'yan kwanaki. Kabeji kada ya yi yawa, yana kumbura ciki. Ruwa kuma kullum, mai sanyi, a kwanon da ba za su kifar ba. Maganar da ake yi cewa zomo ba ya shan ruwa ta kashe zomaye da yawa, kuma ƙishirwa na cikin abin da ke tura su ga ganye mai ruwa kowane iri ne. A jefa masu ɗan reshen zogale su riƙa gurgura.

Ba sai kin rabu da fulawa gaba ɗaya ba. Bogenbiliya ta zauna. Fulawar nan mai babban jan fure, 'yar'uwar yakuwa da kuɓewa, ba ta da illa, haka wardi, da ɗaɗɗoya da na'ana'a, sai dai su za su cinye maki su. Kariya a ɗaga tukunyarta a kan dakali ko a mayar da ita ƙofar gida, a riƙa kwashe abin da ya zubo. Zomayen kuma a kewaye masu wurin shan iska da ragar waya, tsayin mita ɗaya, a binne ƙasanta kamar santimita 30 don suna haƙa rami, nesa da inda iska ke tara ganye.

Oliyanda da lantana kam, in gidana ne, tuge su zan yi. Ba don zomaye kaɗai ba, gidan da ke da yaro mai kiwon zomo ba ya rasa ƙannen da ke sa abu a baki, kuma ɗanyun 'ya'yan lantana da kowane sashe na oliyanda suna yi wa ɗan Adam abin da suke yi wa dabba. Wanda zai sare ta ya sa leda ko safar hannu, ya kiyaye idonsa, ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci. A tono har saiwar, don tana sake tohowa. Kada a ƙona ta, hayaƙin ma dafi ne, kada a sa itacen a murhu, kada a fiƙe shi a yi tsinken tsire ko asuwaki. Kada kuma a zubar a bola inda awakin unguwa ke kiwo. A haƙa rami a binne, sannan a share tsakar gidan tas, har ƙarƙashin tukwane da bayan randa, kafin a sake barin zomo ya taka wurin.